Yadda za ka gane kangaru da walabi, ka kuma kai kowanne ɗakinsu

Duk sanda na nuna wa ɗalibai hoton walabi a gefen na kangaru, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ɗan wancan ne?" Ba laifinsa ba ne, abin da ido ya gani ke nan: sura ɗaya, tsayuwa ɗaya, sai dai ɗaya ya ɗara ɗaya girma. Amsar ita ce a'a, walabi ko ya tsufa tukuf ba zai zama kangaru ba. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne, sunayen nan biyu awon jiki suke nunawa. Mutanen Ostareliya suna ce wa manyan kangaru, ƙananan walabi, na tsaka-tsaki masu kaurin jiki kuma walaru. Dangantaka daban take. Akwai walabin da jan kangaru ya fi kusa da shi a jini fiye da wani walabin da ke zaune a dutsen bayansa.

Burina a nan shi ne, idan aka miƙo maka hoto ko bidiyo, ko Allah ya kai ka gidan namun dajin da ake ajiye su, ka iya bin jikin dabbar gaɓa-gaɓa har ka kai ta inda masana suka ajiye ta. Zan riƙa cewa kangaru kai tsaye. Na guji aron sunan babba-da-jaka, domin sunan yana da mai shi, wato tsuntsun nan mai sanƙo da ake gani a bakin kwata.

Kafin mu fara, ka riƙe hoton gidan gandu a ranka. Gida yana da sassa, kowane sashe yana da ɗakuna, kowane ɗaki kuma da 'ya'yansa, kuma kowa ya san 'yan ɗaki ɗaya sun fi kusa da juna fiye da 'yan uba. Haka masana halittu suka tsara waɗannan dabbobi. Gidan shi ne Macropodidae, sunan da wani masanin Ingila, John Edward Gray, ya raɗa a 1821, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar babbar ƙafa. A yau yana da ɗaki 13 masu rai, da jinsi sama da 60. Sunan kimiyya na kowace dabba kalma biyu ne: ta farko sunan ɗaki, ta biyu sunan jinsin. Idan ka ga Osphranter rufus, to ɗakin Osphranter ne, ɗan kuma rufus, wato jan kangaru.

Abin da kake bukata kaɗan ne: hoton da ya nuna ƙafar baya da wutsiya da fuska, sunan wurin da aka ɗauke shi, da wani abu a gefe da zai nuna maka girman dabbar, ko mutum ko shinge ko mota. Bidiyo ya fi hoto, domin tafiyar kanta shaida ce.

Mataki na farko: ka tabbatar mai jaka ce

Fara da tambayar wuri. Asalin mazaunin wannan gida Ostareliya ne da Niyu Gini da tsibiran da ke kewaye da su. Babu ko guda a dajin Afirka. Gafiya tana da aljihu a kumatu da take tara abinci, akwai kuma ɓerayen hamada masu dogayen ƙafafun baya da ke tsalle tamkar kangaru, amma duka biyun dangin ɓera ne. Idan aka ce an ɗauki hoton walabi a dajin Niyu Zilan, ko tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan, ko Hawai, kada ka yi saurin ƙaryatawa. Mutane ne suka kai su can, wasu suka kuɓuce suka hayayyafa.

Sai jakar kanta. Mace ce kaɗai ke da ita, saboda haka rashin ganin jaka a hoto bai kore komai ba, mai yiwuwa namiji kake kallo. Bakin jakar kangaru da walabi sama yake kallo, wajen ƙirji. Ta wombat, mai haƙa rami, baya take kallo, don kada ƙasa ta cika ta.

Ya kamata ka san abin da jakar take yi, domin shi ne ya raba waɗannan dabbobi da akuya da saniya. Macen jan kangaru kwana 33 kacal take ɗaukar ciki. Idan haihuwa ta matso, sai ta zauna ta jingina, ta turo wutsiya gaba tsakanin ƙafafunta, ta sa kai cikin jakar ta lashe ta tas. Abin da zai fito bai kai giram ɗaya ba, kamar ƙwayar gyaɗa, jajir, ba gashi, ido a rufe, ƙafafun baya ko gama fitowa ba su yi ba. Hannayensa ne kawai suka yi ƙwari. Da su yake jan jiki cikin gashin cikin uwar, shi kaɗai, ba ta ɗauke shi ba, cikin 'yan mintuna ya faɗa jaka ya kama ɗaya daga kan nono huɗun da ke ciki. Kan nonon sai ya kumbura a bakinsa ya riƙe shi. A nan zai ƙarasa halittarsa, sai ya yi kamar wata 8 kafin ya bar jakar gaba ɗaya.

Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa uwar takan sake samun ciki, amma sabon cikin sai ya tsaya cak yana ɗan ƙwaya a mahaifa, yana jira har jaka ta kusa zama fanko. Shi ya sa uwa ɗaya kan kasance da 'ya'ya uku lokaci guda: babba yana bin ta a ƙasa yana zura kai yana sha, ƙarami yana manne a jaka, na uku yana jiran layi a ciki. Nonon da babban ke sha ya fi maiƙo, na ƙaramin kuma tsinkakke ne, daga uwa ɗaya a rana ɗaya. Duk sanda na zo nan a aji, sai an ji wani ya ce "Ikon Allah", kuma gaskiyarsa.

Mataki na biyu: leƙa baki

Masu jaka suna da yawa, sun haura jinsi 300, har da na nahiyar Amurka. Haƙori ne zai rage maka su. Idan ka sami hoton ƙoƙon kai, ko dabbar tana hamma, dubi muƙamuƙin ƙasa. Za ka ga dogayen haƙoran gaba guda biyu rak, sun kwanta suna kallon gaba. Wannan ita ce alamar babbar unguwar da ake kira Diprotodontia, inda gidan kangaru yake maƙwabtaka da wombat, da kowala da fosum masu zama a kan bishiya. Idan ka ga jerin ƙananan haƙora da yawa a ƙasa da fiƙoƙi masu tsini, ka shiga wata unguwar, ta masu cin nama da ƙwari.

A sama kangaru yana da haƙoran gaba shida, bayansu wani dogon giɓi, sannan turame. Ciyawa tana cin haƙori, don haka turamen manyan kangaru suna matsowa gaba a hankali, na gaba ya side ya faɗi, na baya ya maye gurbinsa, irin yadda giwa take yi. Masu bincike da wannan suke ƙiyasta shekarun dabbar. Wani ƙaramin walabin dutse da ake kira nabalek shi turamensa ba sa ƙarewa, sababbi suna ta fitowa har ya mutu.

Tumbinsu ma yana jiƙa ciyawa da taimakon ƙananan halittu kafin ta wuce, kusan yadda na tumaki yake yi, wani lokaci har za ka ga kamar suna tuƙa. Wannan kamar ba ta sa su zama dangin tumaki ba. Abinci iri ɗaya ne ya kai su ga dabara iri ɗaya.

Mataki na uku: ƙafar baya

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake so ka daɗe. Ka ƙara girman hoton ka ƙirga yatsu.

Kallon farko za ka ce uku ne. Akwai wani ƙaton yatsa a tsakiya mai kaurin farce, shi ne na huɗu a lissafin masana, kuma shi ke ɗaukar nauyin tsalle. A gefen waje akwai na biyar, ya fi shi ƙanƙanta. A gefen ciki akwai wani siriri da za ka ɗauka ɗaya ne, amma idan ka duba bakinsa za ka ga farce biyu a jere. Yatsu biyu ne, na biyu da na uku, fata ɗaya ta naɗe su. Da su dabbar take taje gashinta tana cire kaska, kamar matsefi. Babban yatsa, na farko, babu shi sam.

Da wannan za ka raba gidaje uku da ke kama da juna. Idan ka ga yatsa biyar cif, har da babban yatsa mai iya kama reshe, dabbar kuma nauyinta kamar rabin kilo ne, tana gudu da ƙafa huɗu kamar zomo, to ka sami Hypsiprymnodon moschatus na kurmin arewa maso gabashin jihar Kwinsland ta Ostareliya. Shi kaɗai ya rage a gidansu, kuma jikinsa yana nuna yadda kakannin kangaru suke kafin su koyi tsalle. Idan yatsun huɗu ne amma dabbar ƙarama ce kamar zomo, tana tona ƙasa tana neman irin laimar kwaɗin da ke girma a ƙarƙashi, ko ka gan ta ta naɗo ciyawar sheƙa da wutsiya, wannan gidan Potoroidae ne, na fotoru da betong. 'Yan uwa ne na kusa, amma gidansu daban. Abin da ya rage bayan ka cire waɗannan biyun shi ne gidan da muke nema.

In bidiyo ne a hannunka, kalli tafiyar a hankali. Kangaru mai kiwo yana dafa hannaye biyu a ƙasa, ya kafa wutsiya, sannan ya ɗago ƙafafun baya biyu tare ya kawo su gaba. Wutsiyar ƙafa ce ta biyar, turawa take yi da gaske. A ƙasa ba ya taka ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya, kuma ja da baya yana masa wuya, amma in ya faɗa ruwa yana iyo sai ya riƙa kaɗa su bi da bi. Idan ya tashi gudu kuwa, agararsa ce ke aiki kamar roba: tana miƙewa in ya dira, ta harba shi in zai tashi. A 1973 masu bincike sun auna numfashin jan kangaru yana tsalle, suka tarar ƙarin sauri kusan ba ya ƙara masa cin iska. A ƙasar da ruwa da ciyawa suke nesa da juna, wannan babbar ni'ima ce. Tafiyarsa ta yau da kullum kilomita 20 zuwa 25 ce a sa'a, in an koro shi yakan ninka haka fiye da sau biyu, tsalle ɗaya kuma yakan kai mita 8.

Mataki na huɗu: wane sashe?

Wannan ba zai ɗauke ka lokaci ba. Sashen Lagostrophinae mutum ɗaya ya rage a cikinsa, Lagostrophus fasciatus, ƙaramin walabi mai ratsi-ratsin baƙi a gadon baya zuwa gindin wutsiya, wanda ya tsira a tsibiran Bernier da Dorre a yammacin Ostareliya. Sashen Sthenurinae ya mutu kaf, sai ƙasusuwa. Su ne kangaru masu gajeriyar fuska, babbansu Procoptodon goliah ya kai mita 2 a tsaye, nauyinsa ya haura kilo 200, da ƙaton yatsa guda a kowace ƙafa, ya ɓace fiye da shekara 40,000 da suka wuce. Duk sauran masu rai suna sashen Macropodinae. In dabbarka ba ta da waɗancan ratsin, nan ta faɗo.

Mataki na biyar: ina take zaune, yaya wutsiyarta?

Yanzu muna ƙofar ɗakuna. Fara da waɗanda muhallinsu ke tona asirinsu.

Idan a kan bishiya take, ɗakin Dendrolagus ne, kangarun bishiya. Hannayensa dogaye ne masu ƙarfi, kusan tsawon ƙafafun baya, tafin ƙafarsa gajere mai faɗi, faratansa a lanƙwashe, kunne ƙarami, wutsiya doguwa tana reto don daidaita jiki, ba ta kama reshe. Shi yana iya taka ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya. Jinsinsa sun haura 10, biyu kawai suke arewacin Kwinsland, sauran suna Niyu Gini. Ɗaya daga cikinsu, dingiso, sai a 1995 masana suka rubuta shi, alhali mutanen Moni na tsaunukan yankin sun san shi tun kaka da kakanni, suna kuma girmama shi ba sa farautarsa. Ka lura sunansa kangaru ne, amma mafi kusa da shi a jini walabin dutse ne.

Walabin dutse, ɗakin Petrogale, yana da jinsi sama da 15. Dubi tafin ƙafarsa: kaushi gare shi kamar tayar mota, farcen gajere don kada ya zame a kan fa. Wutsiyarsa kaurinta kusan ɗaya ne daga gindi zuwa baki, da buzu-buzun gashi a ƙarshe, yana ɗaga ta in yana tsalle tsakanin duwatsu, ba ya jingina da ita kamar manyan. Mafi kyawunsu a idona shi ne mai rawayen ƙafa na tsaunukan Flinders da ke kudancin Ostareliya, wanda wutsiyarsa ke da zobe-zobe. Gane ɗakin yana da sauƙi, gane jinsin kuma wuya gare shi, domin da yawa na Kwinsland ido ba ya raba su, sai an san daga wane dutse aka ɗauko hoton. In ba ka da sunan wurin, tsaya a Petrogale, ya ishe ka.

Idan cikin kurmi ne, dabbar gajera ce dunƙulalla, wutsiyarta gajera mai kauri ba gashi sosai, ɗakin Thylogale ne, fadimelon. In kurmin na Niyu Gini ne, fuskar doguwa, dabbar kuma tana lanƙwasa wutsiya bakinta kawai ke taɓa ƙasa, ka duba ɗakunan Dorcopsis da Dorcopsulus.

Dubi bakin wutsiya. In akwai wani ɗan ƙaho kamar farce a ɓoye cikin gashi, ɗakin Onychogalea ne. A guje suna juya hannaye kamar mai tuƙa keken niƙa. Jinsinsu uku ne, ɗaya ya ƙare. Mai zanen linzami, wanda farin layi ya taso masa daga wuya ya zagayo kafaɗa, an ɗauka shi ma ya ƙare, sai a 1973 aka gano ragowarsa kusa da garin Dingo a Kwinsland.

Ɗakin Lagorchestes na walabin zomo ne, ƙanana masu kwanciya a gindin ciyawa su zabura in an matso. Ɗaya yana da jan zobe kewaye da ido kamar tabarau. Wani kuma shi ne mala, wanda ke da babban matsayi a labaran mutanen Anangu na dutsen Uluru.

Sai kwoka, shi kaɗai a ɗakin Setonix: kilo 2.5 zuwa 5, kunne zagaye, gajeriyar wutsiya, fuskar da ake cewa tana murmushi, shi ne wanda hotunansa suka cika intanet. A 1696 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan, Willem de Vlamingh, ya gan su a wani tsibiri kusa da inda birnin Perth yake yanzu, ya ɗauka manyan ɓeraye ne, ya sa wa tsibirin suna Rottnest, wato sheƙar ɓera. Da ya ƙirga yatsun ƙafar baya da bai yi wannan kuskuren ba.

Abin baƙin ciki a wannan mataki shi ne, yawancin waɗanda suka ƙare ko suke bakin ƙarewa waɗannan ƙananan ne. Turawa sun shigo da yanyawar Turai da kyanwa, suka bazu a daji, aka kuma share mazaunansu don kiwon tumaki da shanu. Manyan kangaru sun amfana da rijiyoyin makiyaya, sun yi yawa har ana rage su, ƙananan kuwa sun koma tsibirai da wuraren da aka kewaye da waya.

Mataki na shida: manyan fili, ka dubi hanci

Idan dabbarka ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗancan ba, tana kiwo a fili ko bakin daji, wutsiyarta mai kaurin gindi tana sirancewa zuwa baki, to saura ɗaki huɗu. Nan ne littattafai suka fi saɓa wa juna, kuma ga dalili. Shekara da shekaru ana zuba manyan kangaru da walaru da walabin fili a ɗaki ɗaya, Macropus, sunan da George Shaw ya sa a 1790. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna rabuwarsu ta daɗe, wani nazari na 2019 ya ƙarfafa raba su uku: Macropus da Osphranter da Notamacropus. Shi ya sa tsohon littafi zai ce Macropus rufus, sabo ya ce Osphranter rufus, dabba ɗaya suke nufi. Ni ina ganin rabawar ta yi daidai, domin tana koya wa ɗalibi abin da tsohon tsarin yake ɓoyewa: jan kangaru ɗan ɗakin walaru ne, kangaru mai ruwan toka kuma ɗan ubansa ne kawai.

Hanci ne mabuɗi. Ka ƙara girman fuskar.

In lallausan gashi ya rufe tsakanin ƙofofin hanci har zuwa leɓe, Macropus ne, mai ruwan toka, jinsi biyu. Na gabas, giganteus, ya fi haske, yana gabashin ƙasar da Tasmaniya, shi aka fi gani a filayen wasa na bayan gari. Na yamma, fuliginosus, ya fi duhu, yana ɗaukar launin ƙasa, yana kudu da kudu maso yamma da tsibirin Kangaru, mazansa kuma suna da wari mai ƙarfi. Akwai yankin da suke haɗuwa, a can sai ka haɗa launi da fuska.

In hancin rabi gashi ne rabi tsirara, akwai baƙi da fari a gefen baki, da farin layi daga kusurwar baki zuwa kunne, jan kangaru ne, mafi girman masu jaka da ke raye. Namiji yakan kai kilo 90, mace ba ta cika kai rabinsa ba, kuma yawanci ita launinta toka ne mai shuɗi-shuɗi. Mutane da yawa a nan suke ɓata, su ga launin toka su ce mai ruwan toka ne. Farin layin kumatu ne zai cece ka. Mazauninsa busasshen tsakiyar ƙasar, inda za ka gan shi a inuwa da tsakar rana yana lasar damatsansa don ya huce.

In hancin baƙi ne tsirara, babba, jikin gajere kakkaura mai buzu-buzu, yana tsaye ya ja kafaɗa baya ya ɗage wuyan hannu, a gefen tudu mai duwatsu, walaru ne, Osphranter robustus. Ƙaninsa baƙin walaru yana yankin Arnhem na arewacin Ostareliya kaɗai. Na huɗu a ɗakin, antilopinus, siriri ne mai dogayen ƙafafu kamar barewa, yana yawo garke-garke a arewa mai damina.

Idan dabbar baliga ce kuma ba ta wuce kamar kilo 25 ba, galibi kana ɗakin Notamacropus, kuma zanen jiki za ka bi. Jan wuya da kafaɗa, baƙaƙen hannaye: rufogriseus, wanda aka fi ajiyewa a gidajen namun daji na Turai saboda yana jure sanyi. Launin yashi da farin layi a cinya: agilis, na arewacin Ostareliya da kudancin Niyu Gini. Farin layi tar a kumatu da wutsiya doguwa sosai: parryi. Baƙin layi a tsakiyar baya: dorsalis. Ƙarami daga tsibiran kudu da yamma: tama, eugenii, mai iya shan ruwan teku in ya rasa na daɗi. A wannan ɗaki ne walabin farma yake, wanda aka fitar da rai da shi har sai da aka gano shi a 1965 a tsibirin Kawau na Niyu Zilan, inda Gwamna George Grey ya kai shi a ƙarni na 19, bayan shekara biyu kuma aka gan shi a gida Ostareliya. Ɗan'uwansa walabin tulaci bai yi wannan sa'ar ba, ta ƙarshen da aka sani ta mutu a tsare a 1939.

Ɗaki na huɗu mutum ɗaya ne, Wallabia bicolor, walabin fadama. Duhu gare shi, bayansa kusan baƙi, ƙirjinsa ja-ja, yana gudu kai a sunkuye, wutsiya a miƙe, ya fi son ganye a kan ciyawa. A ciki ma daban yake: kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, namiji 11 gare shi, mace 10, alhali maƙwabtansa na Notamacropus 16 gare su. Macensa takan ɗauki sabon ciki kwana ɗaya ko biyu kafin ta haifi na farko.

Mataki na bakwai: rubuta sunan, ka gwada

Ka rubuta sunan ɗaki da babban baƙi a farko, na jinsi da ƙarami. Ka duba shekarar littafin ko shafin da kake dogara da shi, saboda canjin da na ambata. Idan a takardar jarrabawa ne, yi amfani da sunan da manhajarku ta kawo, ka ambaci ɗayan a gefe.

Sunayen yau da kullum kuwa na mutanen asalin ƙasar ne, ya kamata a ba su haƙƙinsu. Kangaru daga gangurru ne, kalmar harshen Guugu Yimithirr ta wani nau'in kangaru, wadda masanin tsirrai Joseph Banks ya rubuta a 1770 lokacin da jirgin Kyaftin James Cook ya tsaya gyara a bakin kogin Endeavour. Labarin da ake yawo da shi cewa kalmar tana nufin "ban gane ba" ƙage ne, kada ka koya wa yaro shi. Walabi da walaru daga harshen Dharug na yankin Sidni suka fito.

Ga gwaji. An turo maka bidiyo daga wani gidan namun daji a Faransa, an rubuta "ɗan kangaru". Dabbar ta kai cinyar mai gadin da ke tsaye kusa da ita. Ka ga kan jariri yana leƙowa daga jaka mai kallon sama, ka san ke nan uwa ce baliga, maganar "ɗa" ta faɗi. Ta ɗaga ƙafa tana susar kunne da ɗan yatsa mai farce biyu, babu babban yatsa, girmanta kuma ya wuce na fotoru: gidan Macropodidae. Babu ratsi a baya: sashen Macropodinae. Tana kiwo a fili, ta kafa wutsiya mai kaurin gindi tana turo jiki, babu buzu-buzu a bakin wutsiyar, babu ƙaho. Nauyinta a ido bai wuce kilo 15 ba, jikinta toka ne ba baƙi ba, don haka walabin fadama ya fita: ɗakin Notamacropus. Wuyanta da kafaɗarta ja-ja, hanci da hannaye baƙaƙe, da ɗan farin layi a leɓen sama. Sai ka rubuta Notamacropus rufogriseus, in littafinku tsoho ne ka ƙara Macropus rufogriseus a gefe, ka mayar wa wanda ya turo.